Suracen da Ya Kwantar da Yaya Hauwa

Duk wanda ya taɓa cin agashe, gasasshen naman nan mai yaji, a bakin titinmu na Alsawra a Omdurman ya san ni, ya kuma san abin da nake faɗa a kan ƙirjina. Cewa nake yi hayaƙin gawayi da yaji sun gasa min huhu tun ina saurayi har ya koma kilishi, saboda haka duk ƙwayar cutar da ta kai masa cizo, a nan za ta bar haƙoranta. Da korona ta shigo Khartoum mutane suka ɗaure fuska da kamama, ƙyallen nan na rufe hanci da baki, ni tawa a haɓa take zama tana tare min gumi. Shekara ta zagayo aka kawo allurar rigakafi. Matata Zainaba ta bi matan layinmu aka yi musu, ta dawo tana dafe da dantse. Na ce mata ta kyauta, amma ni tawa na bayar sadaka, a yi wa masu ƙaramin ƙarfi. Masu cin nama suka yi dariya, ni ma na yi.

Sunana Abakar, a gida Habu. Har yau idan na ɗaga tiren nama sai na tsaya na huta. Na rubuta wannan ne don mai baki irin nawa ya ji yadda ta kaya, kuma don masu 'yan'uwa irin tawa su yi hattara, domin ciwon nawa ne, amma wadda ta kusa tafiya daban ce.

Ta hanci abin ya fara. Wata safiya ina haɗa yaji, ga ƙuli-ƙuli ga citta ga kanumfari ga barkono, na kai hanci ban ji komai ba. Kamar na shanshana bango. Nan take na yanke hukunci cewa mai kayan yajin kasuwar Omdurman ya cuce ni, ya sayar min da ƙasa. Na ƙara barkono, na ɗanɗana, shiru. Na ƙara gishiri, shiru. Na sake ƙarawa. Da yamma wani malamin makaranta da ya saba saye a wurina ya kai yanka ɗaya baki, hawaye suka zubo masa har cikin gemu, ya dube ni ya tambaya a hankali ko akwai wani abu da ya yi min da bai sani ba.

Kashegari zazzaɓi ya sauko. Jikina kamar an shimfiɗa ni a titi lorin siminti ya bi ta kai, ya yi baya ya sake bi. Na ce maleriya ce. Aka soki yatsana a ɗakin gwaji na unguwa, babu maleriya. Na ce to taifot ce, domin a garin nan idan ba wannan ba to waccan. Na sayo allurai a kantin magani, wani ma'aikacin jinya na maƙwabta yana zuwa yana huda min ɗuwawu safe da yamma. Zainaba ta dube ni ina tari ta ce, "Baban Usman, wannan fa ciwon nan ne." Na ce kada ta sake ambata sunansa a gidana. A lokacin mutanenmu ba sa faɗin sunan. Tsoro ake ji kada a ɗauke mutum a killace shi, in ya mutu a binne shi ba tare da nasa sun yi masa wanka ba. Sai a ce ciwon ƙirji, ko sanyi, ko sauyin yanayi.

To kun san mu da dubiya. Aka fito min da angarib, gadon igiyar nan, tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, jama'a suka fara shigowa. Kowa sai ya dafa kafaɗata ya ce kaffara, wato sannu da jiki, ya zauna a bakin gadon. Maza ta nan, mata ta can, kofunan shayi suna yawo daga baki zuwa baki. Zainaba ta yi ƙoƙari, ta ja kujeru nesa, ta ajiye sabulu da buta a bakin ƙofa. Ana shigowa sai a jawo kujerar a matso, a ce ai ba a gaida marar lafiya daga nesa kamar mai bin bashi. Korar baƙo kuwa ba ta iya ba, ni ma ban ba ta fuska ba, domin gaskiya na ji daɗin taron. Ina kwance ina ba su labari ina tari, suna dariya.

Kowa da maganinsa. Wani ya ce man habbatus sauda a hanci. Wata ta ce karkade, wato zoɓo, da zafinsa. Maƙwabcinmu Malam Idrisa, wanda bai taɓa rasa amsa ba tun da na san shi, ya ce duk duniya babu abin da ya kai garad, wato bagaruwa. A tsotsa, a jiƙa a sha, a turara. Ya ce da Turawa sun san bagaruwa da tuni sun rufe asibitocinsu sun koma noma.

Ana cikin haka labari ya kai unguwar Hajj Yusuf, wurin Yaya Hauwa.

Yaya Hauwa ce babbarmu. Mahaifiyarmu ta rasu ina ɗan ƙarami, ita ta goya ni, ta aske ni, ta dake ni, ta aurar da ni. 'Yar ƙaramar mace ce, iska mai ƙarfi za ta iya ɗauke ta, amma idan ta kira sunanka daga Bahri, can hayin kogi, sai ka amsa a Omdurman. Tana da ciwon sukari. Rigakafin nan ba ƙin sa ta yi ba. Ta je sau ɗaya aka ce ya ƙare, ta koma ta tarar da layi cikin rana, jiri ya ɗebe ta ta dawo gida, ta ce sai an yi sanyi. Ranar da ta ji ina kwance ta ɗaura taubinta, lafayar matan nan, ta hau mota biyu da raksha, keken haya mai ƙafa uku, ta iso da jaka cike da bagaruwa da lemun tsami da kimba.

Ba ta ko zauna ba. Ta taɓa goshina, ta ce a ɗora babbar tukunya, a tsinko ganyen darbejiya, surace za a yi.

Ni kuwa tun ina yaro babu abin da na tsana kamar surace. A tafasa ganye, a zaunar da kai gaban tukunya, a lulluɓe ka da bargo, tururi yana dafa maka ido. Ko minti ba na yi nake yaye bargon in gudu. Saboda haka tun can Yaya ta samo dabara: tare muke shiga. Ta zauna gefena cikin bargon, ta maƙale kaina a hammatarta, ta danna fuskata kan tukunya. Haka ta yi min ina shekara biyar, haka kuma ta tashi yi min da furfura a gemuna.

Zainaba ta tsaya a gabanta da bargon a hannu. Ta ce, "Yaya, in dai dole sai an shiga da shi, bari ni in shiga. Ni an yi min allura, ke ba a yi miki ba, ga sukari."

Yaya ta karɓe bargon ta ce, "Ke tausayinsa kike ji. Yana cewa wayyo za ki sake shi. Ni na san wuyansa."

Muka shiga. Duhu, zafi, tururi. Tana cewa in buɗe baki in ja, ina ja tari yana sarƙe ni, ina yin sa a fuskarta, domin babu inda zan juya. Kumatunta a jikin nawa. Tana karanta Fatiha tana tofa min, ina mayar mata da tari. Safe da yamma muka yi ta yi, kusan mako. In na rage kunu ita take shanyewa, wai kada a yi almubazzaranci. A ɗakina take shimfiɗa tabarmarta don ta ji numfashina.

A mako na biyu zazzaɓin ya sauka. Yaya ta naɗe bargonta, ta dubi Zainaba da irin kallon wanda ya ci gasa, ta koma Hajj Yusuf. Malam Idrisa ya zagaya unguwa yana ba da shaida. Ni ma na ce ai dama na faɗa, kilishi ba ya ciwuwa.

'Yar Yaya, Safiya, malamar makaranta ce, Hausarta rabi Larabci rabi. Ita ce ta matsa sai an yi min gwaji, domin tarin bai tafi ba kuma hancin bai dawo ba. Na je don in rufe mata baki. Aka zura min tsinke a hanci har na ji ya taɓa tunanina. Da sakamako ya fito aka ce korona ce, sai na ce a duba sunan da kyau, Abakar suna da yawa a Omdurman. Aka duba. Ni ne. Aka ce in killace kaina a ɗaki, kada in haɗa kofi da kowa, kada in karɓi baƙi. Na shiga lissafa fuskokin da suka zauna a bakin gadona, na rasa inda zan tsaya. Zainaba kuwa, wadda take wanke min kwano da tufafi tun farko, mura ce kawai ta kama ta, ta yi atishawa kwana biyu tana shara, shi ke nan.

Na buga wa Yaya waya na gaya mata. Ta ce to, ai ta riga ta kashe ta da tururi, in daina damun mutane.

A mako na uku, da hantsi, Safiya ta kira. Ta ce, "Khalu," wato kawu, "Mama ba ta cin abinci, jikinta da zafi, kuma ta hana in gaya wa kowa." Ranar ce na fara sa kamama a inda aka yi ta domin shi. Na tarar da Yaya zaune a inuwa tana yanka kuɓewa za ta shanya. Ta ce lafiyarta ƙalau, gajiyar jinyar ƙaton banza ce. Amma na lura tana yanka maganar kamar yadda take yanka kuɓewar, gutsure-gutsure, tana hutawa a tsakani. Leɓenta ya yi toka-toka.

Safiya ta aro wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa, mai nuna yawan iskar da ke cikin jini. Ta ce an gaya mata idan ta sauka ƙasa da casa'in, asibiti. Ta maƙala wa uwarta. Tamanin da ɗan wani abu. Na ce na'urar ta lalace, kayan China ne, mutum yana zaune yana aiki ta ce ba ya numfashi? Na sa a yatsana don in nuna musu. Casa'in da bakwai. Na mayar a yatsan Yaya, na canja hannu, na goge mata farce da bakin rigata. Lambar ta sake sauka da ɗaya ina kallo.

Kun san ni da ƙari a magana. Daga nan zuwa inda zan gaya muku, ragewa nake yi.

Muka ɗauki amjad, ƙaramar motar haya, muka kwantar da ita a baya, kanta a cinyar Safiya. Asibitin farko suka ce babu gado. Na biyu akwai gado babu oksijin. A ƙofarsa na ga mutane kwance cikin motoci, 'yan'uwansu suna yi musu fifita da kwali. Na ga wani dattijo da rawani mai kyau zaune a ƙasa yana riƙe da takalman matarsa. Ni da nake garin nan, nake ba'a da ciwon nan kullum, ban san haka ake ciki ba. Tsakanin teburin namana da wannan ƙofa tafiyar raksha ɗaya ce.

A na uku, a Khartoum, bayan la'asar, aka karɓe ta a sashen da ake killace masu korona, da sharaɗin mu riƙa kawo tukunyar oksijin da kanmu, domin tasu ba ta isa. Safiya aka bari ta shiga a matsayin mai jinya, tunda an yi mata rigakafi a makaranta. Ni aka tsayar da ni a waje.

Likitar da ta fito wurina yarinya ce, ba ta fi Safiya ba, kamama ta yi mata shaida a karan hanci har ya zama ciwo. Ta tambayi yadda aka yi. Na ba ta labari, har da suracen, kuma wallahi da ɗan alfahari na faɗa, ina so ta san ba mu zauna haka kawai ba. Na ma tambaya ko in kawo bagaruwa a ci gaba a nan. Ta daina rubutu. Ta ce bargo ɗaya? Na ce ɗaya. Ta ce kana tari? Na ce sosai. Ta ce sau nawa? Na ce safe da yamma.

Ta ajiye biron. Sannan ta ce, "Ya hajj, da za a ce in nemo hanyar da ta fi sauri a ɗura wa tsohuwa mai sukari wannan cuta, ban jin zan samo wadda ta fi bargon nan."

Na jingina da bango. Na ce to a yi mata rigakafin yanzu, ko nawa ne. Ta ce rigakafi kafin ciwo ake yi, yanzu sai dai oksijin da magani da addu'a. Na ce matata ma ai ta yi mura duk da allurar. Ta ce, "Matarka tana ina yanzu?" Na ce tana gida tana girki. Ta ce, "To aikin allurar ke nan." Ta kuma gaya min alluran da aka yi ta huda ni da su ba su taɓa wannan ƙwayar ba ko kaɗan, jikina ne ya yi faɗansa, Allah ya taimake ni. Wato ɗuwawuna sun sha wuya a banza.

Daga ranar na zama ɗan dakon iska. Wani matashi a unguwarmu ya sa cigiya a waya, kafin magariba aka samo mana aron tukunya a gidan wasu da ban taɓa gani ba, tasu jinyar ta ƙare. Ban tambayi yadda ta ƙare ba. Tukunyar ƙarfe ce doguwa, ta kai min ƙirji, nauyinta kamar maraƙi. Ana cika ta a wani kamfani a unguwar masana'antu ta Bahri. Layin da ke wurin ya fi na burodi da na fetur in an haɗa. Maza zaune kan tukwanensu cikin rana, babu mai hira. Ni da ban iya zama da mutane minti biyu ban sa su dariya ba, na buɗe baki na rufe.

Rana ta biyu ko ta uku, mutumin da ke gabana, wani dogo mai jallabiya fara, wayarsa ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce innalillahi a hankali, ya mayar da wayar aljihu. Sai ya juyo ya ce min in matso in ɗauki wurinsa, shi ba ya sauri yanzu. Ya mirgina tukunyarsa ya fita daga layi. Ban san sunansa ba. Allah ya jiƙan wanda aka yi masa waya a kansa. Tun daga lokacin, duk sanda wayata ta yi ƙara a layin nan sai in bar ta ta yi ta kuka kafin in iya dubawa.

Kuɗi kuwa kada a yi magana. Farashin safe daban, na yamma daban. Akwai 'yan tsakiya da suke tsayawa a bakin ƙofa su sayar maka da wuri a layi, ko tukunya cikakkiya a ninki, suna kallon idonka sun san ba za ka ce a'a ba. Waɗannan na bar su da Allah. Firjin namana ya tafi. Awarwaron Zainaba ya bi shi, ita ta cire da kanta ta ajiye min a kan matashi. Maganin da ake ba Yaya don kumburin huhu yana tayar da sukari, sai an bi shi da insulin, shi kuma sai ka zagaya kantin magani biyar kafin ka samu, ka sa shi cikin ƙanƙara ka yi ta gudu da shi kamar ka sato.

Ta taga nake ganinta. An kifar da ita rub da ciki, wai huhu ya fi buɗewa a haka. Tafin ƙafarta kawai nake hange da igiyar roba. Matar da ban taɓa gani a kwance da rana ba. Gadon da ke kusa da nata, na ga mutum uku daban-daban a kai cikin mako guda, kuma ban ga ko ɗaya ya fita da ƙafarsa ba.

A gida dangi suka ci gaba da kawo shawara. Wasu suka ce a fito da ita, asibiti ne ke ƙarasa mutane. Malam Idrisa ya ce a saci hanya a shigar da kaskon turaren bagaruwa a ajiye mata ƙarƙashin gado. Da na gaya wa Safiya ta ce wuta kusa da oksijin, so yake a tashi asibitin gaba ɗaya? Ranar Zainaba ta yi abin da ba a taɓa yi ba a layinmu. Ta rufe ƙofar gida da rana tsaka, ta ce duk mai gaisuwa ya yi daga waje, an gode, Allah ya ba da lada. Aka yi ta gulma. Ba a daɗe ba Malam Idrisa ya fara tari, da wasu biyu cikin masu zama bakin gadona. Gulmar ta ragu.

Rana mafi muni ta zo a mako na biyu na kwanciyarta. Na cika tukunya da azahar, na fito, aka ce an rufe gada saboda zanga-zanga. A shekarar nan rufe gada ba labari ba ne. Motoci sun tsaya cak. Safiya ta kira ta ce allurar agogon tukunyar da ke jikin Mama ta kusa kwanciya, kuma an ɗauke wuta. Ta sake kira. A kira na uku ba ta yi magana ba, numfashinta kawai nake ji. Na sauke tukunyar daga mota na fara mirgina ta a kan kwalta, ni da ban gama warkewa ba. In yi taku kaɗan in durƙusa. Wani mai karo, amalanken jaki, ya gan ni, ya ce ɗora. Ya zagaya da ni ta wata gadar, yana roƙon masu tsaro, yana nuna musu tukunyar. Da muka isa na miƙa masa kuɗi ya ture hannuna.

Na tarar tukunyar Yaya ta ƙare tun ɗazu. Ɗan wata tsohuwa da ke gado na gaba ne ya ce a raba ta uwarsa, aka haɗa musu su biyu a tukunya ɗaya har na iso. Da Safiya ta gaya min haka ta taga, sai na zauna a ƙasa, cikin ƙura, a gaban mutane. Abin da ya biyo baya ba na tunawa sosai. An ce na yi kuka.

To daga nan kuna iya ci gaba da rage kashi ɗaya cikin uku na abin da na faɗa, kamar yadda kuka saba.

Bayan wannan rana lambar ta fara hawa, yau ɗaya gobe biyu, jibi ta koma baya ta tsinka mana zuciya. Ranar da Safiya ta ce Mama ta ɗanɗana shayin asibiti ta tambaya ko da ruwan wanki aka dafa, na san Yaya ta dawo. Likitar nan mai ciwo a hanci, da masu jinyar da suke juya ta suna share ta, ban san da bakin da zan gode musu ba. Na yi musu alkawarin agashe kyauta har ƙarshen rayuwata, likitar ta ce in fara zuwa a yi min allura tukuna.

An sallame ta ta rame kamar sandar rake. Daga ɗaki zuwa bayi sai ta huta a hanya. Muryar nan da take tsallaka kogi yanzu sai ka matso. An ce za ta dawo a hankali, wataƙila ba duka ba. Da lokacin da likita ta ɗiba ya cika, na kai ta aka yi mata rigakafin, ni ma aka yi min. Na zo da kujera da lema saboda layi. Allurar da na yi shekara ina yi wa ba'a, ban ma ji shigarta ba, sai da na tambaya ko an yi.

Abin da zan ce wa jama'a kaɗan ne. In hancinka ya ɗauke, ko zazzaɓi da tari suka haɗu, je a gwada, ka faɗi sunan ciwon da bakinka. A bar marar lafiya da ɗakinsa da kofinsa, a buɗe taga, dubiya ta waya ma dubiya ce. Tsofaffi da masu sukari a kai su allura ko da goyo ne, kada a jira sanyi. Kada a yarda da tsohuwa don ta ce lafiyarta ƙalau, a duba yatsa. Bagaruwa ban hana kowa tsotsa ba. Amma bargo, mutum ɗaya.

Dangi suka ce sai an yi karama, yankan godiya, a tara unguwa biyu. Zainaba da Safiya suka ce a yanka, amma a bi gida-gida da naman. Haka aka yi. Mu kaɗan muka zauna a tsakar gidan Yaya a Hajj Yusuf da yamma, kujeru nesa-nesa. Na gasa agashe da hannuna, Zainaba ce ta ɗanɗana yajin domin hancina rabi ya dawo. Yaya tana kishingiɗe a angarib an tokare ta da matasai.

Da ciki ya ɗauka sai bakina ya dawo. Na fara ba surukai labarin ranar gada. Na ce na saɓa tukunyar a kafaɗa ɗaya, na tsallaka Nilu da gudu, masu tsaro suna buɗe min hanya suna sara min. Na ce jakin ma da ya ga ƙarfina sai ya ji kunya. Na ce ban girgiza ba ko sau ɗaya, domin namiji a irin wannan rana dutse yake zama. Ana ta dariya, Safiya tana kallon ƙasa.

Yaya ta ɗaga yatsa ɗaya. Aka yi tsit, domin yanzu sai an yi shiru ake jin ta.

"Habu," ta ce, ta huta. "Na ji ka ta taga. Duk ɗakin sun ji ka." Ta sake hutawa. "Tsohuwar da muka raba iska da ita ta tambaye ni, yaron wa ya ɓata a waje? Sai na ce, ya Allah, ka ƙara min kwana. Ban gama rainon wannan ba."